Baƙin mai yana ɗiga a ƙarƙashin motata, ta ina zan gano bakin yoyon?

"Assalamu alaikum Malam. Motata ƙarama ce mai silinda huɗu da giyar hannu, ta haura kilomita 200,000. Kwanan nan duk inda na ajiye ta sai in tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giya. Bakanike ɗaya ya leƙa ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke tare mai a wannan mahaɗar, sai an sauke giya. Wani ya ce gasket ɗin kaskon mai ne, wato shimfiɗar da ke toshe bakin kaskon da mai ke kwanciya a ƙasan inji, na yarda aka canza, amma ɗigon bai daina ba. Wani lokaci kuma idan na tsaya sai in ji ƙaurin mai. Yaya zan yi in tabbatar da inda yake fitowa kafin in sake kashe kuɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku ne a gabanka: ɗigo a mahaɗar inji da giya, gyaran da aka yi bai yi magani ba, sai kuma ƙauri idan ka tsaya. Abin da kake nema shi ne yadda ake bin sawun mai har a kai bakin inda yake fita. Tun kafin mu yi nisa, shawarata ita ce kada ka bari a sauke giyar nan tukuna. Mai yiwuwa bakaniken farko gaskiyarsa ce, amma leƙe ɗaya a ƙarƙashin injin da ya yi dumu-dumu da maiƙo bai isa hujjar aiki mai nauyi irin wannan ba. Canjin gasket ɗin kasko ma da aka yi maka, da alama an bar jaki ne an bugi taiki.

Dalilin da ɗigon ƙasa yake yaudara

Yoyon inji kamar yoyon rufin ɗaki yake: inda ruwa yake ɗiga a tsakar ɗaki daban, inda kwano ya ɓule daban, domin ruwan yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Mai idan ya fita daga wani wuri a saman inji, nauyinsa zai ja shi ƙasa, iskar gudu kuma ta kora shi baya. Yana bin kowane lungu da kowane bakin ƙarfe har ya isa wuri mafi ƙasa, sannan ya taru ya ɗiga. Wuraren nan mafi ƙasa kuwa guda biyu ne a kusan kowace mota: gefen kaskon mai, da ƙasan mahaɗar inji da giya. Shi ya sa waɗannan biyun suka fi shan zargi, alhali sau da yawa mai ne kawai ya ratsa ta kansu.

Ƙa'idar da nake aiki da ita ita ce a nemi wuri mafi sama kuma mafi gaba da ya jiƙe da sabon mai. Duk abin da ke ƙasa da shi ko bayansa, a ɗauka shi ne ya jiƙa shi, sai in an ga akasin haka.

A irin motarka akwai ƙarin dalilin yin hattara. Yawancin ƙananan motoci masu silinda huɗu injinsu a gicciye yake, giya tana manne a gefe guda. Ƙarshen kan inji na wannan gefen yana saman giya kai tsaye. Saboda haka idan kusurwar murfin saman inji ta wannan ɓangaren tana tsatsafo, ko marfin robar da ya toshe ƙarshen kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗin inji) ya saki, ko zoben robar distirbuta (mai rarraba wuta ga fulogi) a tsofaffin motoci ya bushe, man zai gangaro ta jikin giya ya ɗiga daidai inda sil ɗin baya zai ɗiga in da shi ne ya lalace. Wanda ya leƙa daga ƙasa kawai ba zai iya bambancewa ba. Ƙaurin da kake ji ma yana ƙara mini zargin sama, domin ƙauri yana nufin mai yana taɓa bututun hayaƙi mai zafi, kuma wanda ya fi zafi shi ne wanda ke manne da kan inji, ƙasa kaɗan da murfin. Wannan dai alama ce kawai, don man da ya ɗiga daga ƙasa ma iska kan watsa shi a kan salansa ya yi ƙauri.

Da farko, man inji ne kuwa?

Ka samu farin kwali mai faɗi ka shimfiɗa a ƙarƙashin mota da daddare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke don ka san daidai inda ɗigon ya faɗo. Da safe ka duba launi, ka taɓa, ka sansana. Man inji sabo ruwan zuma ne, wanda ya yi aiki kuma yakan koma ruwan ƙasa ko baƙi. Man giyar hannu ya fi kauri a yawancin motoci, kuma yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta, wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Wannan yana da muhimmanci a gare ka, domin giya ma tana da nata sil a cikin wannan mahaɗar, kuma idan shi ne ya saki, a wuri ɗaya za su ɗiga. Man sitiyari yakan zama ja ko ruwan zuma. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda, tsinkakke, da ɗan ƙanshi mai zaƙi-zaƙi. Man birki fari-fari ne mai santsi, yana cin fenti, kuma idan shi ka gani to mota ba ta tashi sai an gyara.

Sannan ka auna yawan man da kake rasawa. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka jira minti 10, ka zaro sandar awon mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka rubuta inda man ya tsaya da kilomitar da ke kan mita, ka sake dubawa bayan kilomita 500. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin sandar kusan lita 1 ce, da wannan za ka ƙiyasta. Ɗigo biyu ko uku a dare ba ya sauke mai sosai. Idan ka ga man yana raguwa fiye da abin da ɗigon zai iya bayyanawa, to ko dai yoyon a lokacin gudu yake ƙaruwa, ko kuma injin yana ƙona mai a ciki. Mai ƙona mai yakan fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, ko dai da an tayar da shi da safe, ko idan an taka totur bayan dogon silo. Mota mai kilomita irin taka tana iya haɗa biyun.

Wanki shi ne rabin aikin

A nan ne mutane suka fi yin kasala, kuma a nan ne amsar take. Injin da ya daɗe yana yoyo ya tara maiƙo da ƙura sun zama kamar kwalta, ko'ina baƙi ne, ko'ina a jiƙe. Babu idon da zai karanta wannan. Dole a share komai a fara daga farko.

Ka bari inji ya huce. Ka rufe altaneta da akwatin fis da bakin shigar iska da leda. Ka fesa ruwan wanke maiƙo, ka bi da buroshi musamman kewayen murfin sama, bayan inji, gindin filta, da saman giya, sannan ka ɗauraye da ruwa marar ƙarfi. Ban son injin wanki mai feshi da ƙarfi a nan, domin yana tura ruwa cikin soket da ramukan fulogi, ka tashi daga matsalar mai ka faɗa ta wuta. Idan motar tana da murfin roba a ƙarƙashin inji, ka kwance shi ka wanke shi daban, don yakan tara mai ya riƙa zubar da shi ta wani gefe na dabam. Lungunan da buroshi bai kai ba, feshin wanke birki yana aikinsu, yana bushewa nan take ba ya barin komai, sai dai yana kama wuta, kada ka fesa shi a kan inji mai zafi.

Bayan ya bushe ƙarau, ka tayar da mota ka bar ta a silo har ta yi zafin aiki, kana haskawa da tocila. Ƙaramin madubi mai doguwar mariƙa yana da amfani a bayan inji, kyamarar waya ma tana shiga inda kai ba ya shiga. Ka kula da hannunka da hannun rigarka kusa da bel, ka kuma tuna fankar lagireto mai aiki da lantarki tana tashi da kanta ba sallama. Idan ba ka ga komai ba, ka sa wani ya ɗan riƙe totur a kan juyin inji 2,000 zuwa 2,500 a minti, na tsawon minti biyu, domin matsin mai yana ƙaruwa da juyin inji. In har yanzu shiru, ka yi tafiyar minti 15 ka dawo ka duba. Kada ka yi kwana uku kana yawo kafin ka duba, man zai sake bazuwa ka koma gidan jiya.

Dabarar da na fi so saboda sauƙinta ita ce hoda. Bayan wanki, sai a barbaɗa farar hoda, ko a fesa irin ta feshi, a kan duk wuraren da ake zargi har su yi fari fat. Da mai ya fara fita, za ka ga wani siririn layi mai duhu ya tsaga farin, kamar an ja shi da alƙalami, yana da kai a sama yana da wutsiya a ƙasa. Ka bi shi da tocila zuwa sama har inda ya ƙare. Inda hodar ta koma fara tas a samansa, nan ne bakin yoyon. Sau da yawa a wurin aiki mai mota yakan zo da tabbacin sil ɗin baya ne, sai layin nan ya kai mu wani ɗan lungu a kusurwar murfin sama da bai kai faɗin farce ba.

Idan yoyon mai jinkiri ne ko wurin a matse yake, akwai rinin da ake zubawa cikin man inji, a yi tafiya kaɗan, sannan a haska da fitilar UV, wato fitila ta musamman da ke sa rinin ya yi ƙyalli, a wuri mai duhu. Sabon man da ya fita zai yi ƙyalli kore-kore ko rawaya, tsohon maiƙo kuma ba zai yi ba. Ka tabbata wanda aka yi don man inji ne, domin na ruwan lagireto da na iyakwandishan daban suke. Wannan rinin yana kuma raba gardamar man inji da man giya: idan ka zuba a inji kuma ɗigon mahaɗar bai yi ƙyalli ba, to daga giya yake.

Duk abin da zai sa ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak shi kaɗai. Ko rami, ko matokaran ƙarfe a ƙasa mai tauri, da waigi a tayoyin baya.

Waɗanda ake zargi, daga sama zuwa ƙasa

Ka fara da murfin zuba mai, zoben robarsa kan bushe. Daga nan sai gasket ɗin murfin saman inji, wanda a motar da ta yi shekaru shi ne na farko a jerin masu laifi. Roba ce da take shan zafi da sanyi kullum, tun tana laushi har ta koma kamar busasshen itace, idan ka lanƙwasa ta sai ta karye. Ka zare kwayil ko wayar fulogi ka leƙa ramin: idan ka ga mai ya kwanta a gindin fulogi, zobban da ke cikin murfin sun saki, kuma wannan kan sa inji ya riƙa tsallen wuta. Abin da ke ɓata wannan gyaran shi ne ɗauri. Notocin murfin ƙanana ne, a yawancin injuna ƙarfin ɗaurinsu bai wuce wajen 10 Nm ba, wato ɗan kaɗan ne. Mai ganin yoyo ya ɗauko sifana ya ƙara tamkewa yakan murƙushe robar, ko ya tsaga murfin in na roba ne, ko ya tsinke notin a ciki.

Na biyu da nake so ka duba da kyau shi ne oyil suwic, ɗan abin nan mai waya ɗaya da ke kunna fitilar mai a dashbod. A jikin inji yake, kan hanyar da mai ke bi da matsi, kuma yana da ɓangaren roba da ke tsagewa idan ya tsufa. Alamar yoyonsa ita ce idan mota tana kashe ba ya komai, da an tayar da ita sai ya fara tsatsafo, wani lokaci har ya cika soket ɗin wayar da mai. Ka zare soket ɗin ka duba cikinsa. Ƙaramin abu ne mai sauƙin canzawa, amma yana jiƙa rabin inji.

Wannan ya kawo mu ga wani bambanci mai taimako. Yoyon da ke kan hanyar matsi, irin su suwic ɗin nan, filta, gidan filta, na'urar sanyaya mai, bututun man turbo, da bawul ɗin lantarki na tayimin (tsarin lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul ɗin inji) a injunan zamani, yana zuba ne lokacin da inji ke aiki, ya lafa jim kaɗan bayan an kashe. Wanda kuma ke ci gaba da ɗiga ko da mota ta kwana biyu a ajiye, ka nemi inda mai ke kwance: notin juye, ko kaskon da ya bugi dutse ya tsage.

Idan ɗigon ya fara ne bayan juyen mai, to ka fara da filta da notin juye kafin komai. Akan samu zoben robar tsohuwar filta ya manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kansa, roba biyu su hau juna. Wannan yana iya riƙewa na ɗan lokaci sannan ya fashe gaba ɗaya, mai ya ƙare cikin mintuna. Filta da hannu ake ɗaure ta, a shafa wa robar ɗan mai, idan ta taɓa jikin inji a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Washar notin juye kuma, ta jan ƙarfe ko ta alminiyam, an yi ta ne don a matse ta sau ɗaya, ba a yi ta maimaita ta ba.

A gefen bel akwai sil ɗin kamshaf da na gaban karanshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa) da murfin tayimin. Alamar nasu ita ce mai a watse a zagaye, domin fulin da ke juyawa yana feshe shi. Idan injinka mai bel ɗin tayimin ne, wannan ba abin jinkiri ba ne: mai yana cin robar bel, kuma a injuna da yawa idan ya tsinke fistin kan bugi bawul.

Sai gasket ɗin kasko da aka riga aka canza maka. Ka duba shi ma, don ba a rasa sabon gyara ya yi yoyo. In ka ga gam ya tsattsafo ta gefe kamar an matse man goge baki, ka sani kwatankwacinsa ya tsattsafo ta ciki, kuma gutsattsarinsa kan toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta.

Tambayar da ake mantawa: me ya tura man waje?

Kowane inji yana da ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen zobban fistin ya sauka cikin inda mai yake. Akwai wani ƙaramin bawul da ake kira PCV, da tiyonsa, da ke zuƙe wannan hayaƙin ya mayar da shi cikin inji ya ƙone. Idan bawul ɗin ko tiyon ya toshe da dattin mai, matsi zai taru a ciki ya nemi hanyar fita, kuma zai fita ne ta sil ko gasket mafi rauni. Injin da ke tsatsafo ta wurare uku ko huɗu a lokaci guda, ko wanda sandar awon mai take ɗagowa da kanta, ko wanda aka canza masa sil ya sake zuba ba da jimawa ba, wannan bawul ɗin nake fara dubawa. Irin na da, idan ka cire ka girgiza za ka ji yana ƙaras-ƙaras, in ya yi shiru ya maƙale. A wasu sababbin injuna kuma a haɗe yake da murfin sama. Idan bawul ɗin lafiya lau amma ka buɗe murfin zuba mai a silo ka ga hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, to zobban fistin sun gaji, kuma sabon sil ba zai daɗe ba. Cika mai ya wuce alamar sama ma yana haifar da irin wannan.

In kuma sil ɗin bayan ne fa?

Za ka yarda da haka idan bayan wanki saman giya ya kasance a bushe, bayan inji a bushe, suwic da filta a bushe, amma sabon mai yana fitowa daga cikin mahaɗar, ta ɗan ramin da ke ƙasanta ko ta bayan ƙaramin murfin da ake cirewa a leƙa. Wani lokaci kuloci yakan fara sulɓi ko karkarwa wajen tashi saboda mai ya taɓa shi. In ta tabbata, babu makawa sai an sauke giya. Sil ɗin kansa ba wani abu ba ne, aikin kai wa gare shi ne mai yawa, saboda haka a kilomitar motarka ka sa a duba kuloci da sil ɗin giya a lokaci guda. Ka kuma ce a shafa wuyan karanshaf inda leɓen sil yake zama, don idan ya ci ya yi rami, sabon sil zai zuba sai an sa wa wuyan siririn zoben ƙarfe ko an ɗan gusar da mazaunin sil ɗin.

Magungunan tsayar da yoyo da ake zubawa cikin mai suna kumbura robar da ta bushe ne, suna iya rage tsatsafon tsohon sil na ɗan lokaci, amma ba sa ɗinke gasket da ya yage ko ƙarfen da ya tsage. Komawa mai mai kauri fiye da wanda aka rubuta wa injin ma ba na ba da shawararsa, musamman a injunan da tayimin ɗinsu ke aiki da matsin mai.

Daga nan inda nake ba zan iya nuna maka wurin da yatsa ba, sai ido ya gani. Abin da zan iya cewa shi ne iyakar jinkirin da za ka yi. Tsatsafon da ba ya sauke sandar awo zai iya jira, muddin kana dubawa kowane mako. Wanda ke zuba a kan bututun hayaƙi har kana ganin hayaƙi daga bonet yana iya tayar da gobara, a gyara shi cikin gaggawa. Idan kuma jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka tsaya ka kashe inji nan take, domin ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa ƙwarai, kuma tafiyar 'yan mintuna a haka ta isa ta kashe inji. Idan za ka koma gareji, ka roƙi bakaniken ya wanke, ya sa hoda, ya nuna maka layin man da idonka kafin ya kwance komai. Bayan gyara kuma a sake wankewa, don tsohon man da ya maƙale a lunguna yakan yi kwanaki yana ɗiga, ka ɗauka aikin ne bai yi ba.